Ra'ayinmu: Cin Zalin Yara A Ƙungiyoyin Ninƙaya

'Yan'uwa, a watan Maris na shekarar 2024 hukumar da ke kula da wasan ninƙaya a Ingila, wato Swim England, ta fito bainar jama'a ta nemi gafara. Dalili kuwa shi ne wani bincike da ita da kanta ta sa aka yi ya tona cewa cin zali da tsoro sun yi kaka-gida a cikin wasan. Yara da iyaye da dama sun daɗe suna gani, amma suka ja bakinsu suka yi shiru, don gudun kada a cire yaro daga gasa ko a mai da shi saniyar ware. Kafin wannan, a 2017, hukumar ninƙaya ta Birtaniya ta ba 'yan wasanta naƙasassu haƙuri bayan an gano cewa wani koci ya jefa su cikin zaman ɗar-ɗar.

Wani zai ce ina ruwanmu da Ingila? To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Abuja iyaye suna kai 'ya'yansu koyon ninƙaya a otal-otal da makarantu, musamman lokacin dogon hutu. Abu ne mai kyau, domin iya ruwa yana ceton rai. Amma wajibi ne mu san hannun da muke danƙa yaranmu.

Ba kowane faɗan yara ne cin zali ba. Masanin nan Dan Olweus, wanda ya fara nazarin al'amarin a farkon shekarun 1970, ya ba da alamu uku: abin da gangan ake yinsa, ana maimaita shi, kuma mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko shekaru, ko magoya baya. Wani rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da cin zali a makaranta cikin wata guda kafin a tambaye shi. Ba mu ga abin da zai hana wannan hali bin yara zuwa bakin ruwa ba.

Hasali ma wurin ninƙaya ya fi aji ba azzalumi dama. Yara suna tsayawa da ɗan kamfai a gaban juna, daidai shekarun da jiki ke canzawa, sai mai ƙiba ko siriri ya zama abin ba'a. Ɗakin canza kaya kuwa wuri ne da manya ba su cika shiga ba, a nan ake ɓoye wa yaro tufafi, ko a ɗauki hotonsa da waya a yaɗa. A cikin ruwa kuma koci ba ya ganin wanda ya ja ƙafar wani ko ya danna kansa ƙasa. Mu tuna, yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu. Abin da a tudu zai ƙare da kuka, a ruwa yana iya ƙarewa da makoki.

Wani lokaci ma babba ne mai laifin. Kocin da ke kunyata yarinya saboda nauyinta a gaban 'yan'uwanta ya koya wa sauran yara cewa hakan daidai ne. Shi ya sa a 2023 Swim England ta hana kulob-kulob ɗora yara 'yan ƙasa da shekara 18 a kan sikeli, in ban da 'yan kaɗan da ke cikin shirin horarwa na ƙasa.

A ganinmu babban ciwon shi ne shiru, maganinsa kuwa shi ne yaro ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Ingila kowane kulob sai ya naɗa jami'in kula da jin daɗin yara. A Amurka hukumar USA Swimming, wadda ta kafa shirin kare yara a 2010, ta haramta ɗaukar hoto a ɗakin canza kaya, ta kuma wajabta wa kulob-kulob rubutaccen tsari na yaƙi da cin zali. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Saboda haka muna kira ga masu koyar da ninƙaya a nan gida su zaɓi wani dattijo ko uwa, wanda ba koci ba, su nuna wa yara shi tun ranar farko.

Idan abu ya faru, kada a ce ai wasan yara ne. A tsayar da shi nan take, a saurari kowane yaro shi kaɗai, a rubuta abin da ya faru, a sanar da iyayen ɓangarorin biyu. Kada a tilasta wa wanda aka zalunta ya ba da hannu a wurin don kawai a rufe magana. Shi ma mai cin zalin gyara yake bukata, ba bulala ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan mako ɗaya ko biyu a sake tambaya ko abin ya tsaya.

Ku kuma iyaye, ku sa ido. Yaron da da yake ɗokin zuwa ruwa, yanzu ciwon ciki ke kama shi duk ranar horo, ko ya fara ƙin abinci, ko kayansa suna yawan ɓata, magana yake yi muku ba da baki ba. Kada tambayarku ta tsaya a kan na nawa ya zo. Ku tambaye shi da wa ya yi wasa, wa kuma ya sa shi kuka. Kafin ku biya kuɗin koyo, ku tambayi shugabannin wurin: idan an ci zalin ɗana, wa zai gaya wa? In sun rasa amsa, ku riƙe kuɗinku da ɗanku har sai sun samo ta.

Allah ya kiyaye mana zuriya.