Wuya Ba Makaranta Ba Ce

A Séguédine hanya ke rabuwa, can arewacin Kawar: ɗaya ta miƙe zuwa Madama da iyakar Libiya, ɗaya ta karkata Jado, inda zinariya ta ɓulla a 2014. Garin dabino ne da gishiri, amma kowa ya san motocin Hilux ne ke tayar da ƙurarsa. A nan na ga wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, ya sa tiyo a baki yana zuƙo mai daga jarka. Man ya cika masa baki, ya tofar, ya goge da hannun riga, ya koma. Na ce wa maigidansa, "Alhaji, wannan ai bai isa aikin nan ba." Sai ya yi dariya. "Malam, mu ma haka muka tashi. Ga ni yau da mota biyu, da iyali, na sauke farali. Wuya ai makaranta ce."

Wannan magana ce nake faɗa da ita. Ana yin ta a tasha, ana yin ta a zaure, har a kan mumbari: wai yaron da ya sha wuya shi ke zama mutum, kuma da zarar ya sami sana'a, ya yi aure, ya riƙe salla, an biya shi bashin ƙuruciyarsa.

Masu wannan ra'ayi ba sa rasa misali. Ga Bombino, Omara Moctar, haifaffen Tidene kusa da Agadas a 1980. Yana ɗan shekara 10 tawayen Abzinawa ya kore shi da danginsa zuwa Aljeriya, ya yi kiwo a Libiya, a 2007 ya sake gudu zuwa Burkina Faso. Yau duniya ta san shi, faifansa Deran ya shiga takarar Grammy. To amma a duba labarin da kyau. Gudun hijira bai koya masa kiɗa ba. 'Yan'uwa ne suka bar jita a gidan da yake, makaɗi Haja Bebe kuma ya jawo shi cikin ƙungiyarsa. Mutane suka riƙe hannunsa, mu kuma muka ɗauki ladan muka ba wuya.

Kuma wa ke ƙirga sauran? A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu daga Kance. Ƙishirwa ta kashe su a hanyar Tamanrasset. Su ma makarantar nan suka shiga. Ba a gayyatar su rediyo su ba da labarin yadda wuya ta gyara su, shi ya sa kullum muryar wanda ya tsira kaɗai muke ji.

Shi ma wanda ya tsiran, a tambayi matarsa. Ita ta san mutumin da ke firgita da dare, wanda ba ya iya cin abinci in wani na kallonsa, wanda ke dukan ɗansa da bel kan kofin da ya fashe, sannan ya fita waje ya zauna shiru. Mota biyu ba ta warkar da wannan. Sai mu ce masa ya yi haƙuri, ya ƙara istigfari, mu rufe zancen.

Ban raina addu'a ba, Allah ya kiyaye. Na ga mutanen da sujada ta kwance wa ƙullin da ya shekara 30 a ƙirji. Sai dai addinin da ake fakewa da shi bai taɓa yabon wulaƙanta yaro ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi, kuma ni'imar da Suratul Duha ta tuna masa ita ce mafakar da aka ba shi. Kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalib. Duk mai kafa hujja da maraicinsa, sai ya fara da yin abin da suka yi.

Can a Séguédine, kafin motar Alhaji ta tashi, yaron ya hau can saman kaya, ya naɗe fuska da rawani, ya rungume sandar da aka kafe don kada mutum ya faɗo. Na tambayi Alhaji ina nasa 'ya'yan. Ya ce suna Agadas, suna lakwal.