Lifidin Mota: Cikinta Ya Fi Goshinta Buƙatar Sulke

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Mayaƙan da suka gaje su sun san cewa lifidi yana tare kibiya, amma yana nauyaya doki. Masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyoyin Rano da Kibiya suna fuskantar wannan lissafi a yau, kuma da yawansu suna sa ƙarfen inda bai kamata ba.

Ƙasar Rurum ƙasar duwatsu ce. Da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga, abin da ke jiranta shi ne kan dutse da zaizaya ta tone, da kwazazzabon da damina ta haƙa. Waɗannan ba goshin mota suke duka ba, cikinta suke nema. Dutse guda ya isa ya fasa kwanon baƙin mai, man ya tsiyaye, inji ya buga. Farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin inji da giya da tanki shi ne maganin wannan, muddin ana kwance shi lokaci-lokaci a kankare taɓon da ya taru.

Matakin gefe kuwa iri biyu ne. Na kwalliya siriri ne, an rataya shi a jikin bodi. Yana rage tazarar mota da ƙasa, kuma idan ya haɗu da dutse sai ya lanƙwashe ya lotsa gindin ƙofa. Na aiki bututu ne mai kauri da aka ɗaure a shasi da noti, wanda zai iya ɗaukar nauyin motar ta zame a kansa ta wuce. Mai sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa ya tambayi mai walda inda zai ɗaura shi kafin ya tambayi kuɗinsa.

Abin takaici, wanda aka fi so shi ne ƙaton ƙarfen gaba, saboda kwarjini. Bamba an ƙera ta ne don ta lotsa ta shanye ƙarfin karo. Ƙarfen gaba ba ya lotsawa, sai ya miƙa dukan ga wanda aka buge, yana kuma iya rikita lokacin buɗewar jakar iska. Shi ya sa tun 2007 Tarayyar Turai ta hana sayar da shi sai wanda ya ci gwajin kare mai tafiya a ƙasa.

Hanyar Rurum ba ta mota kaɗai ba ce. Akwai ɗan makaranta, da mai babur ɗauke da buhun masara, da makiyayi da garkensa. Ƙarfen ƙasa da na gefe suna kare mota daga dutse ba tare da sun cuci kowa ba. Na gaba kuwa, ranar da tsautsayi ya gitta, waɗannan bayin Allah ne za su biya kuɗinsa.