Sharhi: Darasin da Zamfara za ta iya koya daga gine-ginen Mariam Issoufou

Tun daga farkon shekarar 2024, lokacin da farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10, gini ya gagari ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Arewa. Waɗanda suka samu damar kammala nasu kuma suna kokawa da zafi, domin bulo da rufin kwano kan mayar da ɗaki tamkar tanda a watannin bazara, ga wutar lantarki ba ta da tabbas. Wannan ne ya sa ayyukan Mariam Issoufou, 'yar Jamhuriyar Nijar da ta yi fice a zanen gine-ginen zamani, suka cancanci nazari a jihar Zamfara.

An haife ta a Faransa a 1979, ta tashi a Nijar. Ta fara da karatun kwamfuta a Amurka, ta yi aiki a fannin, kafin ta koma karatun zanen gini a Jami'ar Washington, inda ta kammala a 2013. Shekara guda bayan haka ta buɗe ofishinta a Yamai. A yau farfesa ce a jami'ar ETH da ke Zurich a Switzaland.

Aikin da ya fara fito da sunanta shi ne rukunin gidaje shida masu bene da ake kira Niamey 2000, wanda ta zana tare da abokan aikinta, aka kammala a 2016. Da tubalin jan ƙasa da aka matse da inji aka gina su, aka kuma tsara su da tsakar gida da kafofin shigar iska, domin rage dogaro da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai dai aikin da ya fi kusa da rayuwar Bahaushe shi ne na Dandaji, wani ƙauye a jihar Tawa. Tsohon masallacin garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Da ginin ya fara lalacewa, maimakon a rushe shi, Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, sannan suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan dubu a gefensa. An kammala a 2018, da ƙasar yankin da hannun maginan yankin. A shekarar ce kuma ta gina wa garin kasuwa: rumfunan tubalin ƙasa kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwa a gindinta, da laimomin ƙarfe masu launi da ke ba da inuwa.

Yanayin Tawa bai bambanta sosai da na Talata Mafara, Bakura da Maradun ba: rani mai tsawo, zafi mai tsanani, damina gajera. Garuruwa irin su Tsibiri suna da ƙasar gini, suna da magina da suka gaji sana'ar. Abin da ya rage shi ne martabar ginin ƙasa, wanda yanzu ake kallonsa a matsayin alamar talauci.

Masu adawa da shi suna da hujja. Kusan kowace damina akan ji labarin gidajen ƙasa da suka rufta da mutane. Amma tubalin da Issoufou ke amfani da shi ya bambanta da wanda ake dunƙulawa da hannu: inji ke matse shi, akan gauraya shi da ɗan siminti kaɗan, a ɗora shi kan harsashi mai ƙarfi da ya ɗaga daga ƙasa, a kuma kare shi daga ruwan sama. Katanga mai kauri takan riƙe zafin rana, ba ta sakin sa cikin ɗaki sai dare ya raba.

Babban cikas yana cikin tsarin kwangila. Muddin takardun ayyukan gwamnati ba su san komai ba sai bulo da kwano, ɗan kwangila ba zai yi kasadar kawo sabon abu ba, mai gida ma ba zai gwada abin da bai gani a ofishin gwamnati ba.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, kuma akwai ajujuwa da asibitoci da kasuwanni masu yawa da ke jiran gini, musamman a garuruwan da matsalar tsaro ta ɗaiɗaita. Idan aka ware ko da makaranta ɗaya da layin rumfuna ɗaya a kasuwar Talata Mafara aka gina su da wannan tubali, a ɗora wa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau alhakin gwada ingancinsa da horar da magina, za a samu alƙaluman kuɗi da na zafi da kowa zai iya dubawa. Kuɗin da ke tafiya ga siminti da dakonsa zai tsaya a hannun matasan yankin, ɗalibi kuma ya zauna a ajin da za a iya karatu a cikinsa da tsakar rana a watan Afrilu.