Lambar wayar mai saye ta fi allon shago amfani: abin da korona ta nuna wa ƙananan ƴan kasuwa

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta killace Yamai, ta hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Ga kuma iyakar Najeriya a rufe tun watan Agusta na 2019, abin da ya riga ya jigata ƴan kasuwar Maradi da Konni. Mai shayi, mai tsire, mai kilishi, duk wanda cinikinsa na dare ne, ya wayi gari ba masu saye.

A lokacin an cika mu da shawarwari: ka buɗe shafin intanet, ka biya Facebook ya yi maka talla. Ni dai a ganina wannan shawara ta masu babban jari ce. Wanda jarinsa bai wuce jaka talatin ba, da me zai biya talla? Waɗanda na ga sun tsira, wani abu ne daban ya cece su: suna da lambobin wayar masu sayen kayansu.

A unguwar da nake zaune a Yamai akwai wata mata mai dambun zogale. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ga dokar hana fita, sai ta koma aika saƙon murya ta WhatsApp tun da hantsi: yau ga abin da na dafa, ga kuɗinsa, mai so ya faɗa kafin la'asar. Ɗan kabu-kabu guda ta riƙe, shi ke kai wa kowa kafin a sha ruwa. Ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma nan dabarar take, domin da yawa cikin masu sayenta karatun boko bai dame su ba, amma kowa yana jin murya, kuma murya ce da suka sani. Teloli ma da suka koma ɗinka takunkumin rufe baki da hanci, ta hotunan da suke sawa a WhatsApp aka san suna yi.

Akwai kasuwar da har yanzu muke sakaci da ita: ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan ko Faransa. Da aka rufe iyakoki ba su iya zuwa gida, amma cefanen iyaye yana wuyansu. Ɗan ci-rani ya san zafin aika kuɗin buhun hatsi ta hannun dangi, a ƙarshe a sayi rabin buhu. Mai shagon da zai karɓi kuɗin ta NITA ko Al Izza, ya kai buhun har ƙofar gidan tsohuwa a Damagaram ko Tawa, ya aika hoto da muryarta tana sa albarka, ya samu mai saye na shekaru. Abokan ɗakinsa ma za su nemi lambar.

Sai dai mu faɗi gaskiya, matasanmu suna ɓata wannan hanya da kansu. A ɗauko hoton atamfa ko takalmi a intanet, a kawo wa mutum wani abu daban. A sa kaya ba farashi, wai sai ka bi mutum ta bayan fage ka tambaya, kamar farashin sirri ne. A jefa ka cikin rukunin talla ba tare da izininka ba, saƙo talatin a yini, ga tsadar data. A kasuwa in an cuce ka kana iya komawa rumfa ka yi magana. A waya toshe lambar kawai ake yi, mai kayan ba zai ma san dalili ba.

Sauran magana ita ce bashi. Masu shago da dama sun riƙe mutanensu a watannin nan ne ta hanyar buɗe littafin bashi, kuma wasu har yau ana saye wurinsu saboda wannan halacci. Wasu kuma jarin ya narke a cikin littafin, korona ta wuce, shagon bai sake buɗewa ba.