Wa Ke Duba Ɗakin da Muke Barin 'Ya'yanmu?

Kowace safiyar aiki, tun kafin a kaɗa ƙararrawar taron safe a makarantunmu na Ikara da Makarfi da Kudan, akwai wata tafiya da malamai mata da yawa suke yi wadda ba ta cikin jadawalin kowa. Malama za ta goya jaririnta, ta ɗauki kwanon kunu da 'yan tsummokinsa a leda, ta ratsa lungu ta yi sallama a wani gida, ta sauke shi a hannun wata mata, sannan ta nufi ajin da 'ya'yan wasu suke jiranta. Ba za ta sake ganinsa ba sai bayan an tashi. Matar da ta karɓe shi takan kasance dattijuwa ce wadda nata 'ya'yan suka girma, ko uwar marayu mai neman abin rufin asiri. Babu allo a ƙofar gidanta, babu sunanta a littafin wata hukuma. Yara suna kiranta Gwaggo ko Iya, mu ma haka muke kiranta. A kan waɗannan mata, da dokar da ta shafe su, da duban da ya kamata a riƙa yi musu, za mu yi magana a wannan fitowa.

Buƙatar masu reno a gida ƙaruwa take yi, kuma dalilanta a fili suke. A shekarar 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida, abin da ya dace da shawarar masana lafiya ta a shayar da jariri nonon uwa zalla tsawon wannan lokaci. Mun yaba a lokacin, har yanzu muna yabawa. Sai dai wata na bakwai yana zuwa, ajin share fage da ke makarantun firamare kuwa an tanade shi ne domin yaran da suka fara wayo, masu shekara uku zuwa biyar. Tsakanin wata shida da shekara uku akwai rata mai faɗi da hukuma ba ta cike ba. A da, kaka ce ko ƙanwar miji ko 'yar riƙo take ɗaukar wannan nauyi. Yau an tura malama aiki Paki ko Gubuchi ko Likoro, nesa da danginta. Sannan mu da kanmu muke bi gida-gida muna roƙon iyaye su sako 'ya'ya mata makaranta, saboda haka bai halatta mu juya mu zaunar da yarinya 'yar shekara tara a gida tana yi mana reno ba.

Doka ba ta manta da wannan sana'a ba. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta shekarar 2003 ta keɓe sashe guda a kan masu renon yara a gidajensu da wuraren reno na yini, inda ta ɗora wa gwamnatin jiha alhakin ajiye rajistarsu da duba wuraren da suke aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, ta saka kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. A 2007 aka fito da manufar ƙasa ta raya yara tun daga ƙuruciya, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar walwala da kare yara a 2018. Muna da hukumar jiha mai tabbatar da ingancin makarantu, wadda ke ba makarantu masu zaman kansu izini tana kuma duba su. A rubuce dai, babu abin da ya rage.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Sharuɗɗan da aka saba gindaya wa mai son buɗe makaranta, irin su rajistar sunan kasuwanci, da takardun fili, da zanen gini, da kuɗin fom da na sabuntawa, an auna su ne da mai jari wanda ya gina ajujuwa ya ɗauki ma'aikata. Idan aka ɗora su a kan matar da ke da ɗaki biyu da rumfa da yara biyar, wadda abin da take samu a wata bai wuce kuɗin cefane ba, an ce mata ta daina ke nan, ko ta ɓuya. Ba za ta hau mota ta bi ta Zariya har Kaduna neman takardar da kuɗinta ya fi ribarta ta shekara ba. Dainawa kuwa ba ta taso ba, domin iyaye na buƙatarta, ita ma tana buƙatar abin sa wa a baka. Ɓuya ce ta rage, ita kuwa aka zaɓa.

Mai wannan sharhi ya ga inda ɓuyar ke kaiwa. A bara, cikin tsananin zafin bazara, jita-jita ta bazu a wani garinmu cewa jami'ai suna yawo suna rufe makarantun da ba su da rajista. Wata baiwar Allah da ke riƙe da yara bakwai, huɗu daga cikinsu na abokan aikinmu ne, ta tattara su ta shigar ƙuryar ɗaki ta ja ƙofa, ta hana su fitowa rumfa har azahar, don kada mai wucewa ya ji kukansu. Da iyaye suka zo ɗauka, sun tarar da yara sharkaf da gumi, ɗaya har ya galabaita sai da aka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa. Jami'an ba su zo ba, ba ma ita suke nema ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a tsakar gidan nan akwai rijiya wadda murfinta tsohon kwano ne da aka danne da dutse. Shekara uku yara suna rarrafe a gefenta. Da akwai wani jami'i da matar ta yarda da shi har ta bar shi ya shiga, da wannan rijiya zai fara gani, kuma buhun siminti ɗaya ya isa a gyara ta.

Mun kuma ga yadda hukumomi ke farkawa bayan ɓarna ta auku. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ake kira makarantar gyaran hali, suka fito da mutane sama da ɗari uku, cikinsu har da yara, wasu ɗaure da mari. A watan Janairu na 2022, bayan da aka gano cewa mai wata makaranta mai zaman kanta a Kano ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, gwamnatin jihar ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Ba muna kwatanta masu renonmu da waɗancan ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne, duk wurin da ake tara yara ba tare da idon kowa ba, ranar da wani abu ya faru, hukuma takan zo da fushi ta haɗa mai laifi da mai gaskiya. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma idan ya faɗo a yankinmu, Gwaggo da Iya ne za su fara shan wahalarsa, sai 'ya'yanmu da za a rasa inda za a kai su.

Malaman firamare na wannan jiha sun fi kowa sanin bambancin duba na gyara da duba na kora. Ba mu manta da jarrabawar 2017 ba, wadda aka ce malamai 21,780 sun faɗi, da sallamar da ta biyo baya, da yajin aikin da ƙungiyarmu ta shiga a farkon 2018. Kowa na da ra'ayinsa a kan abin da ya faru, amma duk wanda ya yi aji ya san cewa jami'in da ya zauna a bayan aji ya saurari darasi, ya kira ka gefe ya nuna maka inda ka kauce, ya dawo bayan wata guda ya ga ko ka gyara, shi ne yake canza malami. Wanda ya zo da takardar hukunci a aljihu, ɓoye masa kurakurai ake yi. Abin da muke nema wa kanmu shi ya kamata mu nema wa matan da ke riƙe da jariranmu.

Saboda haka wannan reshe yana kira ga shugabannin ƙananan hukumomin uku, da sakatarorin ilimi, da 'yan majalisar da ke wakiltarmu a Kaduna, da a ware wa masu reno a gida matsayi nasu dabam da na makarantu. Rajistar ta kasance kyauta, a yi ta a sakatariyar Ikara da ta Makarfi da ta Hunkuyi, da fom mai shafi ɗaya cikin Hausa, boko da ajami, tare da shaidar mai unguwa ko dagaci. Sharuɗɗan su zama kaɗan, waɗanda kowace uwa za ta fahimta ta kuma iya dubawa da idonta: rijiya a rufe da murfi mai ƙarfi, murhu da kananzir da fetur nesa da inda yara ke wasa, ruwan sha mai tsabta a rufe, fo da wurin wanke hannu da sabulu, gidan sauro ga mai barci, lambar wayar iyayen kowane yaro, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. A ƙasar noman rake da tumatir da masara irin tamu, sai a ƙara da maganin feshi da na ƙwari, wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin gado a cikin robar lemo. A kuma nemi katin rigakafin kowane yaro, domin cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta nuna mana yadda ciwo ke gudu a inda yara suka taru.

A ƙayyade yawan yaran da mace ɗaya za ta riƙe. A Ingila, inda masu reno a gida ke yin rajista da hukumar Ofsted, ƙa'idar ita ce kada su wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, kuma uku kacal daga ciki ne za su kasance ƙanana waɗanda ba su isa makaranta ba. Ba lallai mu kwafi adadinsu ba, amma hikimar a bayyane take: mace ɗaya baya ɗaya gare ta da hannu biyu, idan wuta ta tashi su ne abin da za ta fita da yara da su.

Masu duban kuma su kasance mata. Yawancin gidajenmu ba a shiga, kuma dokar da ta aiko namiji ya tsaya a zaure yana cike fom ba ta duba komai ba. Muna da ma'aikatan lafiya mata da suka fito daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, muna da masu takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara da ke zaune ba aiki. A haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can, su riƙa zagayawa sau ɗaya a kowane zangon karatu. Abin da suka ga ya kamata a gyara su rubuta shi, su ba da wa'adi, su dawo. Kada a karɓi ko sisi a hannu. Rufe wuri nan take a bar shi ga inda aka tarar da dukan yara, ko cin zarafi, ko haɗarin da ba ya jiran gobe.

Mun san akwai masu cewa da zarar sunan mace ya shiga littafin hukuma, mai karɓar haraji zai biyo baya. Tsoron nan yana da tushe, shi ya sa muke neman a rubuta a fili cewa mai renon da ba ta wuce adadin da aka ƙayyade ba, babu haraji ko kuɗin sabuntawa a kanta. Akwai kuma masu ganin sassauta sharuɗɗa rage daraja ne ga ilimin ƙananan yara. Amsarmu ita ce, sharaɗi ashirin da ba wanda ya cika bai tsare yaro ko ɗaya ba, shida da ake cikawa kuwa suna rufe rijiya.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Reshe zai gabatar wa taronsa na gaba shawarar a tattara sunayen matan da ke renon 'ya'yan mambobi, da yardarsu, a shirya musu bita ta kwana biyu a lokacin dogon hutu, a ajujuwanmu, kan taimakon gaggawa, da haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane alamun zazzaɓi mai tsanani. Muna roƙon shugabannin makarantu da kwamitocin SBMC na manyan makarantu su duba yiwuwar ware ɗaki guda domin jariran malamai, yadda uwa za ta leƙa ta shayar a lokacin tara. Ku kuma 'yan'uwa malamai, maza da mata, ku biya mai reno haƙƙinta a kan lokaci. Mu da muka san ɗacin jinkirin albashi bai kamata mu ɗanɗana wa wata ba. Gobe idan kin kai yaronki, Malama, ki wuce zaure ki shiga har tsakar gida, ki gaida Gwaggo da ladabi, ki dubi rijiya da murhu da ƙarƙashin gado. Idan kin ga abin gyara, ku haɗa kuɗi da sauran iyaye ku gyara a wannan makon. Maigida ma ya tambaya, domin ɗan nasa ne.

Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa masu renonsu da alheri, ya ba shugabanninmu ikon sauraro.