Takin da muke ƙonewa kafin saukar damina

Duk shekara, da zarar bazara ta kama, hayaƙi kan turnuke gonakin Arewa. Manoma na sharar gona, suna tara kara da ganye suna cinna musu wuta. Bayan makonni kaɗan kuma sai su shiga layin takin zamani, suna kukan tsada. Ni a ganina, wani ɓangare na abin da suke nema a buhu shi ne abin da suka ƙone.

Shuka ba ta iya shan sinadarin naitirojin da ke cikin busasshen ganye kai tsaye. Sai ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sun ruɓar da shi, sun mayar da shi nau'in da saiwa ke iya zuƙa. Wuta na katse wannan aiki: mafi yawan naitirojin na tashi cikin hayaƙi, toka kuwa ba ta mayar da shi.

Sai dai ba duk ragowar shuka ce ɗaya ba. Ganyen wake da na gyaɗa na ɗauke da naitirojin mai yawa, suna ruɓewa da wuri. Karan dawa da na masara kuwa kabon ya yi musu yawa, don haka halittun nan kan ranci naitirojin daga ƙasa kafin su cinye shi. Shi ya sa shuka kan yi rawaya a farkon damina inda aka binne kara mai yawa, sai manomi ya ɗauka karan cuta ne. Rance ne, kuma ana biya daga baya. Saiwa ta fi ganye jinkirin ruɓewa, amma ita ce ke barin ƙasa da ƙarfi mai daɗewa.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin buhun yuriya mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari ya zo. Sun bar gawo a gona, domin yana zubar da ganyensa da damina, daidai lokacin da gero ke bukatar abinci. Manoman Maraɗi a Nijar sun farfaɗo da wannan hikima tun shekarun 1980, ta hanyar rainon itatuwan da ke tohowa daga kututture.

Gaskiya ne kara da harawa abincin dabbobi ne, kuma da kara ake danga da girki. Ba wanda zai ce talaka ya bar su duka a gona. Abin da ake nema kaɗan ne: a daina ƙone abin da ya saura, a yanke wake maimakon a tumɓuke shi da saiwa, a gauraya kara da kashin dabbobi ya ruɓe kafin shuka.

Gwamnatocin jihohi na zuba kuɗi wajen rabon taki, amma malaman gona sun yi ƙaranci a ƙauyuka. Ya kamata cibiyar binciken noma ta Samaru da gidajen rediyo su kai wannan bayani ga manomi kafin bazara mai zuwa. Takin zamani na ciyar da shukar bana kaɗai, gonar da ta mutu kuwa ko buhu goma ba za su raya ta ba.