Ambaliya Yaƙi Ce, A Yi Mata Shirin Yaƙi

 Maganarmu ta wannan mako a kan ambaliya ce da cututtukan da ke biyo bayanta, abin da kowa ya san yana zuwa, amma ba a tashi neman magani sai ya iso ƙofar gida.

Duk wanda ya zauna Kalgo ya san halin Gulbin Rima. In Agusta ta yi nisa sai ya cika ya tumbatsa, ya shiga fadamu tun daga Argungu har Birnin Kebbi har Bunza. A 2010 ruwan da ya kwararo daga wajen madatsar Goronyo ya ci ƙauyuka da gonaki a Sakkwato da Kebbi. A 2020 ya komo ya shanye shinkafar da ta kusa isa yanka. Mutanen Gwandu ba a bakin gulbin suke ba, amma su ma in ruwan sama ya yi yawa, katanga ta faɗi, tafki ya cika, masai ya malale cikin rijiya. To, daga nan ne babban yaƙin yake farawa, gama ruwa yana janyewa cikin 'yan kwanaki, amma ya bar mana amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Kebbi kuwa tana cikin jihohin da ta shiga.

Don me muka kira abin nan yaƙi? Don mayaƙa su ne suka fara gane cewa cuta ta fi harsashi ɓarna. Ana cewa da bindiga mai ruwa Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Gaskiya ne, amma kafin bindiga akwai kwinin. A 1841 Ingilishi suka aiko jiragen ruwa su hau Kwara, zazzaɓi ya kashe musu Turawa wajen 40, suka koma. A 1854 wani likita, Baikie, ya sake hawowa, yana ba mutanensa kwinin kullum, aka je aka komo ba wanda ya mutu. Ƙwayar magani ita ta buɗe musu hanya, bindiga daga baya ta biyo.

Kakanninmu da aka ɗiba zuwa Bama a yaƙin Hitila sun ga irin wannan da idonsu. Janar Slim, shugaban rundunar da suka yi yaƙi a cikinta, ya lissafa cewa a 1943, in an janye soja 1 daga fagen fama saboda rauni, an janye 120 saboda ciwo. Sai ya kafa doka kowane soja ya haɗiyi ƙwayar mepacrine kowace rana, in kuwa aka tarar wata bataliya ba ta sha, ba sojan ake kamawa ba, hafsansu ake tuɓewa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Maganin zazzaɓin da likitoci suka yarda da shi yau, wanda ake kira ACT, shi ma ɗan yaƙi ne. A 1967 gwamnatin Sin ta sa masana su nemo wa sojan Biyetnam magani, domin kulorakwin ya daina yi musu aiki. Wata mata, Tu Youyou, ta fitar da sinadarin daga wani ganye ɗan'uwan tazargade. Ruwan gishiri da sukari kuwa, a sansanin 'yan gudun hijira ya nuna kansa. A yaƙin Bangaladash na 1971 kwalara ta faɗa wa dubban mutane da suka gudu Indiya, ruwan da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya ya ƙare. Sai wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dama gishiri da sukari cikin ganguna, 'yan'uwan majinyata suna ba su da moɗa. Inda dā mutum 30 cikin 100 suke mutuwa, sai ya koma bai kai 4 ba.

To, 'yan'uwa talakawa, kun ji asalin makaman. Ba su da tsada, kuma ba sai mai ilmin boko ke iya riƙe su ba. Ga yadda ake aiki da su. Da zarar gudawa ta kama yaro ko babba, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba ƙunshin ORS na kemis. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, kada a ƙara gishirin. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata kamar minti 10 a ci gaba, mai shan mama kuwa kada a hana shi. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko majinyaci ya kasa sha, to, a nufi asibiti nan take ana ba shi ruwan a hanya, gama kwalara tana iya kashe ƙato tsakanin hantsi da la'asar. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, kada a sha sai an tafasa, ko a sa masa maganin kulorin a jira minti 30.

Zazzaɓi kuma a yi gwajin jini tukuna. In na sauro ne, a sha ACT kwana 3 cur, kada a ji sauƙi ran farko a ɓoye sauran don gobe. Kulorakwin dai hukumar lafiya ta janye shi daga maganin zazzaɓin sauro tun 2005, don ƙwayar cutar ta saba da shi. Farasitamol yana saukar da zafin jiki, amma ba ya kashe cutar, kuma babba in ya wuce ƙwaya 8 a yini yana iya lalata hantarsa.

Ku kuma 'yan kemis da 'yan tireda da masu tallar magani a faranti ran kasuwa, da ku muke. Talaka ku yake fara zuwa wurinku kafin ya ga malamin asibiti, saboda haka amana ce a wuyanku. Mace ta zo da ɗanta yana gudawa, ka sayar mata da kafso biyu don ribarsa ta fi ta ORS, wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne. Ku duba ranar lalacewar magani da lambar NAFDAC kafin ku saro, ku raba shi da zafin rana, wanda ruwa ya taɓa kuma ku zubar. Asarar kwali guda ta fi sauƙi bisa ga alhakin rai.

Yanzu sai mu komo kan maganar Janar Slim. Shi hafsa yake tuɓewa in soja bai sha magani ba. Mu a nan wa ake tambaya in ɗakin shan magani na ƙauye ya shiga damina ba ORS, ba kulorin, ba abin gwajin jini? Hukumomin hasashen ruwa suna ba da gargaɗi tun kafin damina ta kankama, saboda haka ba mai cewa mamayarsa aka yi. Amma sai ruwa ya ci gari, hanya ta yanke, sa'an nan a zo da tabarmi da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Wannan shi ne ihu bayan hari. Abin da muke nema daga ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da gwamnatin jiha ba shi da yawa: kafin Yuli ta ƙare a kai waɗannan magunguna kowace mazaɓa, a manna lissafinsu a ƙofar ɗakin magani inda kowa zai gani, a kuma faɗi sunan ma'aikacin da za a tuhuma in sun ɓace.

Kafin su yi, mu kada mu zauna jira. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa da ta manoma ta haɗa 'yan kuɗi ta ajiye kwali guda na ORS da kulorin a wuri mai tudu. Kowane maigida ya koya wa iyalinsa awon cokali 6 da rabi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin da ke cikinta, amin.